Sungumi da Walki

Bana ruwa ya yi jinkiri har mutane suka fara magana ƙasa-ƙasa. Kullum da la'asar sai hadari ya taso daga gabas, ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, can sai iska ta kwashe shi ta kai wa wasu. Jikokina su duba waya su ce wai an ce jibi. Ni kuwa sai in gangara bakin tafki in zauna kan wani jirgi da aka kife, in yi ta kallon inda ruwa ya ja baya ya bar taɓo yana tsagewa. Warin taɓon nan shi ke mayar da ni shekarar farin nan, zamanin muna jihar Sakkwato, shekarar da azumi ya faɗo cikin bazara mai ƙuna, ruwa kuma ya ƙi sauka.

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Yawuri ya san sunan Mamman Dorina, ɗan kokawar da ya yi zamani ba a ga bayansa a ƙasa ba. Yaran yanzu in suna hirarsa, wasu su ce laya ce, wasu su ce haka Allah ya halicce shi. Ni dai dariya nake yi, don ina wurin aka fara.

Sunana Bawa. A fage Kututture ake ce mini, saboda itatuwan tsohon garinmu da ruwan dam ya shanye, waɗanda ke laɓe a ƙarƙashin ruwa suna fasa jiragen mutane. Tungarmu tana ƙasar Ngaski, kudu da Yelwa. Mamman kuwa mutumin ƙasar Shanga ne, can arewa, amma duk rani yana zuwa wurin kawunsa a tungarmu, su yi su, su yi ban ruwan albasa. Sa'ana ne, ƙirarmu ɗaya, kuma na fi kada shi fiye da yadda yake kada ni. Shi da bakinsa yake faɗin haka har gobe, don kada a ce tsoho na cika baki.

Ana gab da kama azumi sarkin samarinmu ya dawo daga kasuwar Yelwa da labari. Ya ce wani mutum zai zo daga ofishin wasanni na Sakkwato ran kasuwar farko bayan salla. Za a tara 'yan kokawar ƙasar Yawuri duka, zai ɗauki mutum guda cikin manya ya sa shi a ƙungiyar jiha. Wanda aka ɗauka ya sami ci, ya sami wurin kwana, a kuma maƙala masa ɗan aikin gwamnati mai albashi. Ranar ban san yadda na iso gida ba. Ina son wurin nan, ina son shi har cikin ƙashina, ba kuma zan ɓoye ba.

Mu huɗu ne a gidanmu. Baba ya makance tun ina ɗan saurayi, ciwon nan na ƙudan bakin kogi da ya cinye idon manya da yawa a wajenmu. Sai Inna, sai ƙanwata Hajo, sai ni. Namiji mai ido ni kaɗai ne. Muna zaune cikin ɗakunan simintin nan da gwamnati ta gina mana lokacin da aka tashe mu, waɗanda da rana ta ɗaga sai su koma tanda.

Kafin azumi mun yi binne, wato mun zuba iri a busasshiyar ƙasa muna jiran ruwa ya same shi a ciki. Wani yayyafi ya zo ya yaudare shi, ya tsiro kore shar, rana ta bi shi ta ƙone ƙurmus. Rumbu kuwa tuni an share shi da tsintsiya. Abin da ya rage mana a duniya shi ne tulu guda na irin gero da Inna ta cuɗe da toka, ta liƙe bakinsa da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Tokar don ƙwari ce, amma ina jin har don mu.

Haka muka kama azumi. Sahur ɗinmu kunun dusa ne, ran da aka yi sa'a a jiƙa garin rogo. Da safe in fita duba taru, in tarar da 'yan ƙananan kifaye da ba su cika tafin hannu ba, don ruwa ya janye, kifi ya bi shi can tsakiya. Inna da Hajo su bi fadama suna tonon bado a inda ya rage, su dawo ƙafafunsu duk tsaga. Da rana ta take babu mai motsi. Mutum ya jiƙa zane ya lulluɓa, kafin ya juya zanen ya bushe. Leɓe ya fashe, harshe ya yi nauyi, ga tafki shimfiɗe a gabanka yana ƙyalli ba dama ka kurɓa. Awaki ma sun daina kuka.

A cikin wannan hali muke shiri, ni da Mamman. Da la'asar, da azuminmu a baki, mu ɗaura igiya a babban jirgin kawunsa mu ja shi cikin taɓo daga tsohuwar gaɓa har inda ruwa ya koma, mu sake jawo shi. Ƙafa ta nutse har gwiwa, ka zare ta da ƙyar, idonka na ganin duhu-duhu. In mun gama sai mu goyi juna a kafaɗa mu hau gangare. Bayan an sha ruwa mu koma kan yashi mu kama, har ladan ya kira isha'i. Mutane suka ce mun haukace. Wata tsohuwa ta ce wa Inna ta ɗaure ni da turke kafin in faɗi matacce.

Ina da wani kaye da na fi ƙwarewa a kai. In riƙe ɗamarar mutum da hannun dama, in sarƙe ƙafarsa ta ciki, in murɗa. Duk wanda na yi wa ya tafi. Mamman ya sha ƙasa da shi ba adadi. Amma shi wani irin mutum ne, ba shi da saurin ɗauka, ba shi kuma da gajiya. Ya tashi ya kakkaɓe yashi ya ce, "Sake."

"Kai ba ka jin zahi?"

"Sake dai. So nike in ga inda ƙahwata ka tahiya."

In sake, ya sake faɗuwa, ya zauna yana kallon ƙafarsa kamar ta wani ce. In na tafi gida sai ya tsaya shi kaɗai, ya rungume wani kututturen kuka da ke bakin gaɓa yana ta zare ƙafa yana juya ƙugu. Na yi masa dariya, na ce in ya kada itacen ya aiko a gaya mini. Azumi ya yi nisa sai na fara jin wani abu: in na sarƙe shi, ƙafar ba ta zama inda na sa ta kamar da. Ina kada shi har lokacin, amma sai na yi da gaske.

A gida kuwa na lura duk ɗan kifin da aka dafa a kwanona yake ƙarewa. In na yi magana Inna ta ce ta ci nata a madafa. Ba ta faɗin sunana, ɗan fari ne ni, sai dai ta ce, "Kai, ci ka tashi mini." Hajo ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Wata rana muna shan ruwa Baba ya lalubo damtsena ya matsa, sa'an nan ya juya inda yake jin motsin Inna.

"Yaron ga ya zube. A buɗe tulun nan a ɗebo ko tiya guda a dama mai hura, shi samu ƙarhi."

Inna ta ajiye ludayi. In ranta ya ɓaci yarenmu na Gunganci take komawa, ta yi ta yi, sa'an nan ta rufe da Hausa don kowa ya ji.

"Ko mutuwa za mu yi, ba mu cin iri. Wanda yat taɓa tulun nan ni da shi."

Na ga Hajo tana kallon ƙofar ɗakin Inna tana haɗiyar yawu.

An fita roƙon ruwa ba sau ɗaya ba. Mu juya riguna bai-bai, mu fita bayan gari da yara da dabbobi, liman na kuka muna amin. Ba na jin akwai wanda ya kai ni ɗaga murya. Kowa ruwa yake roƙo don ya ci, ni kuwa har da wani dalili: so nake ya sauka kafin salla, mu yi shuka mu gama, in tafi Yelwa hankalina kwance. Ƙasarmu jigawa ce, yashi ya yi mata yawa, danshi ba ya kwana a cikinta da irin zafin nan. In ruwan shuka ya sauka, ranar ake shuka. Kuma ranar babu gayya, babu maƙwabci, kowa gonarsa ta ishe shi. Namiji yana gaba da sungumi yana sara, mata na binsa suna zuba iri suna rufewa da diddige. A gidanmu mai riƙe sungumi ni ne.

Mamman ya gane abin da ke cina. Duk hadarin da ya taso ya watse sai ya dube ni ya ce, "Kututture, ƙara murya, ba a jiya ka ba."

Aka ga wata, aka yi salla babu ɗinki babu tuwon kirki. Mamman ya shiga jirgi ya tafi gida Shanga. Da zai tafi ya ce, "Mu haɗu Yelwa. In ba ka zo ba, ba ni yahe ma." Kwanakin da suka biyo sama fes, ko gajimare babu. Na fara cewa a raina, to, tunda bai zo ba, ya dakata in je in dawo.

Ran kasuwa, mun idar da asuba ke nan muna fitowa daga masallaci sai iska ta juya. Sanyi ya bugi fuskata, irin wanda na manta akwai shi. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Kafin mu kai gida an fara, manyan ɗigo suna faɗuwa suna tayar da ƙura, sai kuma aka sake shi gaba ɗaya. Rufin ɗaki ya ɗauki ƙara, mata na guɗa, yara tsirara suna tsalle, Hajo ta jera duk wata tukunya da ƙwarya a bakin indararo. Baba ya fito tsakar gida ya ɗaga fuska ruwa na dukan matattun idanunsa, yana dariya. Ƙamshin ƙasa ya cika ko'ina. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar ɗaki, walkina na kokawa naɗe a hammata.

Ruwan ya ɗauke da hantsi. Inna ta jawo tulun, ta fasa lakar da dutse, ta juye irin a ƙwarya. Ba ta dube ni ba. Daga bakin ruwa na ji yaron jirgin inji yana kira, "Yelwa! Yelwa!" Jirgin nan sau ɗaya yake tashi ran kasuwa.

"Inna," na ce.

"Na jiya."

"Gobe da sassahe in sha Allahu..."

"Ban ce maka komi ba."

Ta ɗauki ƙwarya ta fita. Baba ya ce, "Tahi abinka. Wurin ga ba shi dawowa. Mu mun san yadda za mu yi."

Na tafi. Amma sai da na ɓata lokaci a ɗaki har suka riga ni fita, sa'an nan na bi hanyar bakin ruwa ina sauri, ina gaya wa kaina uba ne ya sallame ni. Hanyar tana bi ta gefen gonarmu. Da ban waiwaya ba da yanzu wani labarin nake bayarwa, amma na waiwaya. Baba ne riƙe da sungumi, Hajo na gaba tana jan shi da gefen riga. Ya sara nan, ya sara can, ya koma ya sari ramin da ya riga ya sara. Layin ya karkace ya nufi gonar maƙwabci. Inna na binsu a duƙe, tana neman ramukan da ido, tana ƙirga ƙwayar da take saki don kada ta zube a banza. Ina kallo sungumin ya sauka kan yatsan Baba. Bai yi ƙara ba, ya ɗaga ƙafar ya ajiye, ya sake ɗaga sungumin.

Injin jirgi ya tashi. Na ji shi, Baba ma ya ji, don ya tsaya ya karkata kunne. Na rataye walkin a reshen ƙirya, na je na zare sungumin daga hannunsa.

"Wa ke nan?"

"Ni na, Baba. Koma inuwa."

"Kai wawa na," ya ce.

Ban taɓa sara irin ta ranar ba. Ba tafiya nake ba, gudu nake, in kai ƙarshen gona in juyo, Inna da Hajo na haki a bayana. Rana ta fito da fushi, ƙasa na tururi, kana ganin saman yashi yana fari a kan idonka. Ƙotar sungumin ta jiƙe da ruwan sama ta yi kaushi. Tafin hannuna ya yi ƙuraje, ƙurajen suka fashe, na yagi gefen rigata na naɗe na ci gaba. Duk sara ɗaya ina jin ganga a kunnena, ina cewa yanzu an buɗe fage, yanzu an kira sunana an ji shiru. Haushi nake ji, na ruwa, na gona, na Baba, na kaina, ina sauke shi a ƙasa.

Ana kiran azahar ƙwarya ta ƙare. Inna ta kife ta, ta buga bayanta, ta miƙe da ƙyar tana dafe da ƙugu. Ta ciro walkin daga reshe ta miƙo mini.

"Ɗauki jirgin ubanka. Wataƙila ba su watse ba."

Daga tungarmu zuwa Yelwa gaba da ruwa ake yi, ga iska da ta biyo bayan hadari tana tayar da igiya. Ruwa ya yi ƙasa, kututturan da na ci sunansu duk sun matso kusa da sama, wasu ka gan su, wasu sai ka ji sun kankari cikin jirgi. Na durƙusa ina tuƙi, filafili na zamewa a hannuna saboda jini. Sau ɗaya jirgin ya hau wani ya karkata har ya sha ruwa, na kwashe da ƙoƙo ina salati. Abin da ke cikina tun safe ruwan sama ne da na tara a hannu na sha. Da na hango rumfunan kasuwa rana ta riga ta yi sanyi, amma ina jin ganga. Wani abu kuma da na lura da shi, ƙasar Yelwa a bushe take ƙamas, ko ɗigo bai sauka ba.

Na kutsa cikin taro da laka har gwiwa. Mamman na tsakiyar fage, an ɗaga hannunsa, makaɗa na zuba masa kirari. Ya kada duk wanda aka kawo masa. Mutumin Sakkwato, wani dogo mai usur a wuya, ya riga ya juya zai nufi motarsa. Mamman ne ya hango ni. Ya fizge hannunsa ya bi mutumin.

"Ranka shi daɗe, da saura."

"An gama. Kai munka ɗauka."

"Wancan da ka gani shina kada ni. In ba mu kama ba, ba gwanin Yawuri kat tahi da shi ba."

Kawunsa ya daka masa tsawa, ya ce wace irin wauta ce wannan. Taro ya ɗauka, wasu na cewa a bari su kama, wasu na cewa wanda ya makara ya makara. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi agogo.

"Kamu guda. Wanda yak kai ƙasa shi ke nan."

Na ɗaura walki, yatsuna sun ƙi ƙulla igiyar sai da wani ya taimake ni. Na kwance tsumman hannuna na cusa tafukan cikin yashi don su bushe. Muka duƙa muna zagaya juna. Shi ma ya gaji, ya yini yana kokawa, ƙirjinsa na sama da ƙasa, gira ɗaya ta fashe. Muka haɗu ƙirji da ƙirji. Ya nemi ɗaga ni na zauna masa. Na nemi taɗe shi ya tsallake. Ganga ta yi shiru, ko kuma ni ne na daina ji. Kafaɗuna suna rawa, na san ba ni da dogon lokaci, in zan yi in yi yanzu.

Na cafki ɗamararsa da dama, na sarƙe ƙafarsa ta ciki, na murɗa. Na ji ya taso, wallahi na ji nauyinsa ya bar ƙasa. Sai abu biyu suka faru tare. Ɗamarar ta sulluɓe daga tafina, shi kuma ya zare ƙafar ya juya ƙugu, daidai yadda ya yi ta yi da kututturen kukan nan ina masa dariya. Sama ta juya. Bayana ya daki yashi.

Har yau ban san wanne ya riga wani ba, hannuna ko ƙafarsa. Na yi shekaru ina juya abin, ban sani ba.

Ihu ya tashi, aka yo kansa za a ɗauke shi. Ya ture su ya miƙo mini hannu ya tashe ni. Da ya ji danshi sai ya juya tafina ya duba. Ya dubi lakar ƙafata. Na ga murnar ta zube daga fuskarsa.

"Ruwa ya sauka wajenku?"

"Ya sauka. Mun yi shuka."

"Mu ko ɗigo," ya ce a hankali. "Inna ta hita tun asuba tana kallon gabas."

Suka ɗaga shi sama suka tafi da shi yana waiwayena. Na koma bakin ruwa na zauna cikin jirgin Baba na yi kuka irin na yara, ban ji kunyar kowa ba.

Geronmu ya yi. Ba wani abin a zo a gani ba, amma wanda ya shuka ranar ya girba, wanda ya bari sai ruwa na gaba kuwa kara ya samu. Wajen su Mamman damina ta zo a makare ta tafi da wuri, ba su cire ko zangarniya ba. Albashin da aka yi masa alkawari bai fara fitowa ba sai can gaba. Da muka yi sussuka Inna ta auna buhu guda ta ce in kai wa uwar abokina.

Na same ta a tsakar gida, ta rame, maƙwabta sun kewaye wata 'yar rediyo. Na yi sallama da buhu a kafaɗa. Ta ɗaga mini hannu ba ta juyo ba.

"Aje nan, ɗana, yi shiru. Mamman aka kira."

Na tsaya da buhun ban sauke ba. Mai rediyo na ihu daga Sakkwato, Dorina ya ɗaga, Dorina ya kayar. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa da 'yar muryar da yunwa ta bar mata. Sa'an nan ta juyo ta ga geron, ta sa mini albarka har da hawaye, ta ce, "Kai ma ka dage, Bawa, ko Allah shi sa ka zama awa abokinka." Na ce to, Inna.

Shekara ta zagayo aka sake zaɓe, amma a lokacin Baba na kwance ciwon ajali, bayan nan kuma ga aure, ga gona, ƙarfin ya tafi inda ya tafi. Mamman ya ci gaba. Kada wani ya ce sa'a kaɗai ta kai shi. Na je na gan shi a sansaninsu, yana gudu da buhun yashi a wuya tun kafin sauran su tashi. An karya masa ƙashin wuya ya warke ya koma. Ya yi kokawa a Ikko, ya yi a Nijar, ya dawo da kofuna da gwiwoyin da yau ba sa kai shi masallaci sai da sanda. Ya biya kuɗin sunansa da jikinsa. Amma ni ma na ja jirgin nan cikin taɓo da azumi a bakina, kuma babu yaron da ya san sunana in ba jikokina ba. Abin yana mini ciwo, wani lokaci sosai.

Jiya da asuba iska ta juya. Aka yi ruwa kamar na ranar, har ƙamshin ɗaya. Yanzu yara da shanun huɗa suke fita, wasu ma da injin shuka na haya, amma ni ina da 'yar gonata bayan gida da ba na bari kowa ya taɓa. Ina neman takalmi waya ta yi ƙara. Na san ko wane ne, duk shekara ruwan farko sai ya kira.

"Kututture, ruwa ya sauka wajenku?"

"Ya sauka, Dorina. Ku hwa?"

"Muna dai kallon gabas."

Muka yi dariya, ya yi tari.

"Bawa, da bai sauka ba ranar nan hwa?"

Bai taɓa tambayata ba sai jiya. Na buɗe tafin hannuna na dama ina kallo.

"Da na kada kai, ka sani," na ce. "Da kuma Innarka da tawa sun kwana da yunwa tare."

Ya ce haka ne. Ban san wanne daga ciki ya amsa ba, ban kuma tambaya ba. Na sa wayar a aljihu, na ɗauki sungumi na fita, don rana ta fara ɗagawa kuma ƙasarmu ba ta jira.